Neman Fuskar Ja-Ƙafa

Ranar Juma'ar farko ta dogon hutu, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na sauko daga bene na tarar da kakana a tsakiyar falonmu na Mu'aither da tukunyar dafa shinkafar Umma a kife a kansa. Ko babbar rigar da ya je masallaci da ita bai cire ba. Ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ya karkatar da kai gefe guda, yana jan ƙafar hagu a kan tayil, ƙiii, ƙiii, ya nufi firji kamar firjin ya zagi iyayensa. Abba na zaune da kofin shayin karak a hannu, ya rasa ko dariya zai yi ko tashi zai yi ya tare mahaifinsa. Umma kuwa tana bakin kicin riƙe da ludayi, kuma na rantse ba surukinta take tausayi ba, tukunyarta take kallo. Ni dai na tsaya a matakala ta ƙarshe na ce a raina shi ke nan, zafin Doha ya dafa wa tsoho ƙwaƙwalwa.

Da ya iso firjin ya dafa shi, sai ya ɗaga tukunyar ya leƙo. "Uwata, kin ga yadda dodo yake tafiya? Ba wannan zanen da kuke kallo ba." Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce, "Kaka, wannan ai tafiyar wanda takalmi ya matse ne." Ya ce, "Marar kunya. Tafiyar nan ta sa ƙarti majiya ƙarfi sun tsallake benci a Gusau." Ashe kafin in sauko Abba ya kunna wani fim na zamani mai dodannin kwamfuta, Kaka ya matsa dab da talabijin ya duba, ya ce wannan cin mutuncin dodo ne, ya aika a kawo masa tukunya.

Sati biyu ke nan da zuwan Kaka daga gida don a duba masa ido. Na dama ya daɗe da mutuwa, na hagun kuma yana binsa a hankali, har ya kai in za ka gaishe shi sai ka faɗi sunanka. Abba injiniya ne a kamfanin gas, yana fita tun kafin rana ta fito. Umma tana koyarwa a jami'a, kuma hutun namu bai shafe ta ba tukuna. Don haka ni da tsoho aka bari a gida, mu da esi mai gurnani. Wanda bai taɓa yin bazara a Doha ba ba zai gane ba. In ka shanya riga, kafin ka juya ta bushe, in ka ƙara minti biyar ta soyu. Ruwan famfon da aka rubuta wa sanyi shi ne na haɗa shayi. Yaran rukunin gidajenmu duk sun watse, wasu Khartoum, wasu Kerala, wasu Kano, filin da muke buga ƙwallo ya zama na kuliyoyi, su ma a ƙarƙashin motoci suke yini. Aikina shi ne in ɗiga wa Kaka magani a ido sau huɗu a rana, in shanya wanki, in kira baƙala, wato kantin unguwa, a waya su kawo burodi da madara, sannan in zauna ina jin kamar zan mutu don zaman banza. A cikin wannan hali ne Ja-Ƙafa ya shigo gidanmu.

Ni a da na ɗauka Kaka da gemunsa da carbinsa aka haife shi. Sai a ranar na ji cewa yana saurayi ya yi aiki a wata sinima marar rufi, farko yana manna hotunan talla a bango da kunun rogo, daga baya aka hau da shi ɗakin inji ya zama yaron afareta, har shi ma ya zama afareta. Ya ce fina-finan a jirgin ƙasa suke zuwa, cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faranti, kuma kafin su iso sun zaga rabin duniya, sun tsufa, sun kakkarce, wani ma an tsinke shi an liƙe ya fi sau ashirin. Akwai na Indiya, akwai na kaboyi, akwai kuma waɗanda shi ya fi so, na baƙi-da-fari, inda wani faifai ke saukowa daga sama da dare, ƙofa ta buɗe, wani abu ya fito. Babu mai jin Turancin da ake yi, kuma babu wanda ya damu. 'Yan kallo su suke raɗa wa 'yan wasa suna. In mutum yana da saje, ya zama Mai Saje har abada. In kullum ana kashe shi tun kafin a kai rabi, ya zama Gajeren Kwana. Sunan da iyayensu suka yanka musu rago a kai, wannan matsalarsu ce can ƙasarsu.

Akwai kuma wani ɗan wasa da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Yau ya fito a mutumin ƙarfe, wata mai zuwa ya fito a ƙaton ƙadangare mai tafiya da ƙafa biyu, wata rana kuma a wani abu mai kai kamar tulu. Amma da zarar ya ɗaga ƙafar dama ya ja ta hagu a ƙasa, sai sinima ta ɗauka gaba ɗaya: "Ja-Ƙafa! Ga Ja-Ƙafa nan!" Kaka ya ce ba ya sauri, ba ya gudu, jarumar fim tana ta zabga gudu tana faɗuwa tana tashi, shi yana tahowa abinsa kamar mai zuwa ɗaurin aure, kuma sai ya cim mata. Akwai wani abokin Kaka, Ɗanjuma mai gyaɗa, da ya dage cewa mutane daban-daban ne ake sa wa kayan. Kaka ya dage cewa mutum ɗaya ne, kuma gurgu ne, shi ya sa ake ɓoye shi a cikin roba. Sun yi wannan musun a bakin sinima, sun yi shi a wurin sunan Abba, sun yi shi har a Mina. Ɗanjuma ya rasu ba a raba gardamar ba.

"Ke da kike cewa komai yana cikin wannan allon naki," in ji Kaka, yana nuna kwamfutar hannuna da haɓa, "nemo min fuskarsa in gani." Ni kuma a lokacin babu abin da na fi iyawa kamar cika baki. Na ce minti biyu ya yi yawa. Na buɗe intanet na rubuta Ja-Ƙafa. Abin da ya fito shi ne tallan man zafi, da wani mai ɗori a Zariya, da bidiyon wata akuya da ta maƙale a shinge. Na fassara sunan zuwa Turanci, aka kawo min likitocin ƙashi. Na gwada da Larabcin makaranta, aka kawo min takalman asibiti. Na tambayi Kaka sunan fim ko guda ɗaya, ya ce akwai wanda suke kira Tulu Ya Sauko, akwai Ƙadangaren Bature. Na ce ina nufin sunan gaskiya. Ya ce, "To waɗannan na ƙarya ne?"

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi. Na nemo hoton wani tsohon ɗan wasa, kyakkyawa, gashi a kwance luf kamar saniya ta lashe shi, na buga shi a injin Umma, na kai wa Kaka da ladabi har da durƙusawa. Na ce ga mutuminka. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu da yake karatun Alƙur'ani da shi, ya matsa jikin taga, ya daɗe yana bin hoton lungu-lungu. Na ga leɓensa yana motsi. Can ya ce, "Masha Allah. To sa shi ya yi tafiya in gani." Na ce hoto ne, ba ya tafiya. Ya ce, "A allon naki ai suna tafiya." Babu yadda zan yi, na nemo bidiyon mutumin. Ya shigo wani ɗaki da sauri, tsaf-tsaf, kamar wanda ya makara a banki. Kaka bai ma bari ya kai tsakiyar ɗakin ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya miƙo min, ya ce, "Uwata, idon ne ya tafi. Ni ina nan." Bai yi faɗa ba, bai gaya wa kowa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da yamma ina taya Umma yanka albasa na tambaye ta yaushe za a gyara idon Kaka ya daina wahalar da mutane. Ta ajiye wuƙa ta dube ni. Ta ce an sa aikin ranar Lahadi, nan da sati uku, kuma likita bai ɓoye musu ba: zai iya yin kyau, zai iya tafiya da ɗan abin da ya rage, in kuma ba a yi ba, tafiyar ce dai a hankali. Ta ce Kaka ya sani. Sai a lokacin na gane abin da ya aike ni. Cikin duk abin da mutum zai so ya gani da ragowar idonsa, tsohon nan ya zaɓi fuskar wani Bature da ya yi sana'ar shiga rigar ƙadangare, ni kuma na kai masa jabu. Na ce albasar ce ta sa ni hawaye. Umma ta ce albasar ta gama yankuwa tun ɗazu.

Washegari muka buɗe ofis. Na ja kujerar Kaka har gaban talabijin, kusa ƙwarai, yadda in ya yi atishawa sai na goge allon. Na gano cewa akwai tsofaffin fina-finai birjik a intanet da babu mai kallonsu, muka fara bin su ɗaya bayan ɗaya daga bayan azahar zuwa la'asar. Tsarinmu mai sauƙi ne: in tura fim gaba, in wuce duk inda masana masu farin kwat ke tsaye gaban allo suna surutu, in wuce inda saurayi da budurwa ke kallon taurari, wanda dama Kaka kan ce "wuce nan" tun kafin su zauna, sai in tsaya daidai inda dodo zai fito. A sati biyun nan na ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Na ga gizo-gizon da ya fi masallacin unguwarmu girma. Na ga jirgin sama jannati da zaren da ke riƙe da shi yana reto a fili. Na ga dodon da zip ɗin bayansa ya buɗe, singiletinsa a waje. Kaka yana kallon taku uku ya yanke hukunci. "Wannan ɗan dambe ne." "Wannan yana jin fitsari." "Wannan mace ce, wuce." Wani lokaci yakan manta da abin da muke nema, ya shiga ba ni labarin yadda fim ke tsinkewa ana tsakiyar faɗa, 'yan kallo su juyo su yi ta jifan ɗakin inji da ɓawon rake suna kiran sunan afareta da na kakanninsa, shi kuma yana ta liƙi. Na fara son mutanen nan masu rigar roba ba tare da na shirya ba. Na riƙa tunanin wa ke ciki, ko ya ci abinci, ko uwarsa ta san aikin da yake yi.

Ranar wata Laraba, saura kwana goma sha ɗaya, ina tura wani fim ina hamma, sai aka nuna wani dogon lungu a cikin jirgi, hayaƙi yana tashi, wani abu mai ƙaton kai ya ɓullo daga can ƙarshe. Ya ɗaga ƙafar dama. Ya ja ta hagu. Kaka ya miƙe tsaye, mutumin da sai an kama shi yake tashi daga kujera, ya ɗaga hannu sama ya ƙwala ihu, "Ja-Ƙafa!" Na tabbata an ji shi har can unguwar Nu'aija. Maƙwabciyarmu ta bugo waya tana tambaya ko lafiya. Muka mayar da fim ɗin farko muka kalle shi tsaf, har da surutun masanan. A ƙarshe sojoji suka taru suka harbe dodon, ya faɗi a hankali kamar bishiya, kuma kafin ya gama kaiwa ƙasa Kaka ya ce, "Kashe." Na ce me zan kashe? Ya ce fim ya ƙare. Na ce bai ƙare ba, yanzu za a rubuto sunaye.

Sai ya koma ya zauna. Ya ce haka ogansa ya koya masa tun ranar farko: da bos ya mutu, a kashe inji, a kunna fitilu. Mutane sun riga sun miƙe suna neman takalmansu, babu mai tsayawa karanta Turanci, kuma sandunan da ke ba injin haske cinyewa suke kamar kyandir, ba a ƙona su a kan rubutu. Sunayen farkon fim kuma suna wucewa ne yana fama da saita fitila, jama'a na rigimar benci. Ya ce sai da ya tsufa ya fara tunanin cewa sunan mutumin ya bi ta hannunsa ya fi a ƙirga, shi da kansa ya riƙa datse shi. Don haka muka bar sunayen suka hau, ina karanta masa da ƙarfi. Akwai jarumi, akwai jaruma, akwai janar, akwai soja na ɗaya da soja na biyu, akwai ma karen da ya yi haushi sau ɗaya. Babu dodo. Na koma farko na duba, nan ma babu. Na ce, "Kaka, ko da ka bar injin har asuba ba za ka gan shi ba." Ya ce, "Sun rubuta kare?" Na ce sun rubuta kare. Ya girgiza kai ya ce in kawo masa ruwa.

Amma yanzu ina da sunan fim na gaskiya, kuma da shi na faɗa wani shafi na wasu tsofaffin Turawa da Allah ya hore wa lokaci, waɗanda ba su da aiki sai tantance wa ya shiga rigar wane dodo. A can na samu sunan. Na karanta wa Kaka, ya gwada faɗa sau uku, ya ce wannan ba suna ba ne, tari ne, a bar shi a Ja-Ƙafa, don haka ni ma a nan na bar shi. A ƙarƙashin sunan an jera fina-finan da ya yi, ga mutumin ƙarfe, ga ƙadangare, ga mai kan tulu. Mutum ɗaya ne. Kaka ya ɗaga kai sama ya ce, "Ɗanjuma, Allah ya jiƙanka, amma ka ji dai." Sai dai duk hotunan da ke shafin da kan dodo a wuyansa. Can ƙasa, cikin sharhin masu karatu, wata mata ta rubuta shekaru da suka wuce cewa mahaifinta ne, ta bar adireshin imel.

Ni ba ni da imel a lokacin, Umma kuwa nata a buɗe yake a kwamfutar gida. Na zauna na tsara wasiƙa da sunanta. Na ce ni babbar farfesa ce mai binciken tarihin dodanni na duniya, ina rubuta littafi mai juzu'i bakwai, kuma gwamnatoci da dama suna jiran sakamakon. Na ƙara mata digiri biyu da ba ta da su. Kwana uku babu amsa. A na huɗu Umma ta gano wasiƙar a cikin waɗanda aka aika, ta kira ni da cikakken sunana har da na Abba, wanda a gidanmu alama ce ta mutum ya fara salati. Ta karanta min ita da ƙarfi tun daga farko, a wajen juzu'i bakwai muryarta ta ɗan karye, ta juya baya tana tari. Hukuncina wanke-wanken sati guda. Sannan ta ja kujera ta ce in zauna in sake rubutawa, da sunana, da shekaruna, in faɗi abin da ke akwai kawai. Na rubuta cewa kakana ya haska fina-finan babanta a wani gari a Najeriya, cewa mutanen garin sun gane shi a kowace riga, sun ba shi suna, suna kiransa da ƙarfi in ya fito, kuma ranar Lahadi za a yi wa kakana aiki a idonsa na ƙarshe, yana so ya ga fuskarsa kafin nan. Layi shida ne. Na ga kamar ta yi tsirara da yawa, amma Umma ta ce khalas, ya isa haka, ta aika.

Daga nan sai jira. Na riƙa duba wayar Umma har ta fara ɓoye ta a cikin buhun shinkafa. Ranar Asabar da yamma Abba ya kai mu Wakrah don Kaka ya sha iska, muka zauna a bakin ruwa inda jiragen masunta ke ɗaure, iskar ma kamar numfashin wanda ya sha shayi. Kaka ya yi ta kallon teku. Da za mu tashi ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, na samo masa suna, na raba masa gardama, ya isa. Na ce bai isa ba. Ya ce, "Taurin kan nan na mai sunanki ne."

Ranar Lahadi da safe an hana Kaka cin komai, yana zaune a falo cikin farar jallabiya, jakarsa a gefe. Abba yana ta kaɗa makullin mota yana cewa yalla, a yi sauri, za mu shiga cunkoso. Umma ta fito daga kicin da waya a hannu, ta ce, "Alhaji, a ɗan dakata." Matar ta amsa. Umma ta zauna a hannun kujera tana karantawa tana mayarwa Hausa. Ta ce ita ma yanzu tsohuwa ce, ba ta cika duba saƙo ba, kuma wasiƙar farko ta ɗauka 'yan damfara ne. Ta ce babanta ɗan manoma ne, dogo ƙwarai, ya je birni neman aiki ya samu na ɗaukar fitilu da katako a wurin shirya fim. Wata rana wanda zai sa rigar dodo ya suma don zafi, aka duba aka ga shi kaɗai rigar za ta yi wa. Ya yi kusan shekara goma yana wannan aiki, da yayin irin fina-finan ya wuce ya koma garinsu yana gyaran famfunan gona har ya rasu. Ta ce bai taɓa sanin wani ya lura da shi ba, kuma ta karanta wasiƙata sau da yawa tana kuka, tana so a koya mata yadda ake faɗin sunan da aka ba shi. Sannan ta ce ƙafarsa lafiya lau take. Kawunan da ake sa masa ba su da ramin ido a daidai idonsa, in an kife masa ba ya ganin komai. Sai ya roƙi a riƙa kafa masa igiya a ƙasa da ƙusoshi, inda kyamara ba ta kamawa, yana bin ta da gefen ƙafar hagu don kada ya yi karo da bango.

Abba ya daina kaɗa makulli. Sai Kaka ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har yana dukan gwiwa. "Shekara hamsin ina rantsuwa gurgu ne! Ashe lalube yake! Mutum bai ga gabansa ba, ya firgita Gusau gaba ɗaya!" Ya share ido da hannun riga ya ce, "To ina fuskar?" Na karɓi wayar na tura hoton kan talabijin. Wani saurayi ne zaune a kan bokiti a kife, daga wuya zuwa ƙasa ƙadangare, kan dodon a kan cinyarsa kamar ƙwarya. Gumi ya manne masa gashi a goshi. Kunnuwansa manya, fatau-fatau, yana riƙe da kwalbar lemo, yana dariya da wani wanda ba ya cikin hoton. Kaka ya tashi ya je har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya bi goshin, ya bi kunnuwan, ya sauko baki. Abba ya duba agogo, Umma ta harare shi, ya mayar da hannu aljihu. "Ashe yaro ne," in ji Kaka a hankali. "Ga wushirya. Sannu, Ja-Ƙafa. Sannu da aiki."

Ya ɗauki hularsa ya ce a tafi. Har ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, ya ce, "Uwata, zo nan. Tsaya jikin taga." Na tsaya, rana tana dukan fuskata. Ya kama kumatuna da hannu biyu, ya matso da idon nan nasa guda dab da ni, ya yi ta kallo. Ban yi wanka ba, kitsona ya tsefe ta gefe ɗaya, akwai busasshen koko a gefen bakina. Na fara mutsu-mutsu, na ce Kaka bari in wanke fuska mana. Ya ce, "Tsaya yadda kike." Ban san tsawon lokacin ba. Da ya gama ya sake ni ya ce, "To, madalla," ya kama hannun Abba suka fita.

Aikin bai ba da abin da aka yi fata ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, aka bar Kaka da sanin bambancin haske da duhu, ba ƙari. Ya zauna da mu har sanyi ya shigo, sannan ya ce shi gida zai koma, Abba ya raka shi. Yanzu shekarata goma sha shida. Na fi Umma tsawo, ina sa tabarau, an ɗaure min haƙora da waya kamar shingen kaji, ga ƙuraje da suka mayar da goshina gidan haya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kiransa, a kai masa waya kunne, mu yi ta faɗa. Yakan tambaye ni ko har yanzu kitson nan a tsefe yake ta gefen hagu, ko na wanke kokon da ke bakina. Ina da hotuna sama da abin da wayata za ta iya ɗauka, na gyara wasu, na goge wasu, babu wanda na tsaya a gabansa kamar yadda na tsaya a jikin tagar nan. Sai in ce masa kitson yana nan yadda ya bar shi. A Doha ina ta girma, a Gusau kuwa shekarata goma sha ɗaya, kuma ban taɓa gyara masa ba.